Kifi da Kwakwa: Yadda Aikin Littafin Girkin Maldib Yake Tafiya

23 Nuwamba 2024

Na buɗe wannan rubutu ne don in riƙa ajiye inda aiki ya tsaya. Aikin kuwa shi ne tattara girke-girken kifi da kwakwa na mutanen Maldib, in rubuta su da Hausa, da ma'auni da komai, yadda mace a Kano ko Maraɗi za ta karanta ta ɗora tukunya. Koyarwa ce ta kawo ni wani ƙaramin tsibiri a yankin Huvadhu, can kudancin ƙasar. Matar da nake haya a gidanta, wadda nake kira Datta kamar yadda ƙannenta suke kiranta, ita ce malamata a madafi. Yayata kuma da ke Kano ta yarda za ta riƙa gwada duk abin da na tura mata, da kayan da ake samu a kasuwarmu. Abin da ya yi a hannunta shi zai shiga littafi.

Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200 a tsakiyar Tekun Indiya, waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Ƙasar wurin yashin murjani ce, shinkafa ba ta yi, alkama ba ta yi. Shinkafa da fulawa da sukari da albasa duk jirgi ke kawo su. Abin da yake nasu na kansu shi ne kifin tuna, da kwakwa, da ɗan barkono da lemon tsami a bayan gida, da zogale, da gwaza, da wani babban ɗan itace mai suna bambukeyo wanda ake dafawa a ci da romo. Da wannan ɗan abin suka gina girki mai yawa, kuma shi ne ya ja hankalina.

Sharaɗi guda na gindaya wa kaina: abincin otal ba zai shiga ba. Tun da aka buɗe wurin shaƙatawa na farko a 1972, hotunan da duniya ke gani na abincin ƙasar nan manyan jatan lande ne da ƙaguwa a kan faranti. A gidajen mutane ba haka abin yake ba. Idan Datta ta ce yau babu kifi, tana nufin babu tuna, ko da kuwa yara sun cika bokiti da kifin bakin gaɓa.

10 Disamba 2024

Yau ce Ranar Masunta a ƙasar nan, kowace shekara 10 ga Disamba. Na yi amfani da ita na zauna da ƙanen Datta, wanda yake aiki a jirgin kamun kifi, ya yi mini bayanin yadda ake kama kifin. Sai da na ji wannan na fahimci tukunyar Datta.

Ba sa jefa taru a kan tuna, doka ma ta hana. Da gora da igiya da ƙugiya suke kamawa, ɗaya bayan ɗaya. Cikin dare suke fita a jirgin da suke kira dhoni, su kunna fitila a cikin tafkin murjani su kwashi ƙananan kifaye, musamman wani siriri mai ƙyalli da ake ce wa rehi, su zuba su da ransu a wani rami mai ruwa a cikin jirgin. Da asuba su nausa teku suna neman inda tsuntsaye ke shawagi. In sun sami garken tuna, mutum ɗaya yana watsa ƙananan kifayen, famfo yana fesa ruwa a bayan jirgi don kifin ya ruɗe, sauran kuma suna tsaye a jere da gorunansu. Ƙugiyar ba ta da ƙayar nan da ke riƙe baki, saboda haka da an fizgo kifin sama ya wuce ta kan kafaɗa sai ya suɓuce ya faɗa cikin jirgi, ƙugiya ta koma ruwa. Jagoran jirgin keyolhu ake ce masa, maganarsa ce ke yanke inda za a nufa. A da da iska ake tafiya, sai daga 1974 aka fara sa wa jiragen inji.

Kifin da ya fi yawa shi ne wanda suke kira kalhubilamas, mai ratsi-ratsi a ciki da jan nama. Da la'asar sakaliya ya iso gida, Datta ta yi garudhiya, romon kifinsu, a gabana, ni kuma ina riƙe da biro.

Ga duk abin da ta yi. Ta yanka kifi kamar kilo 1 gunduwa-gunduwa, ta wanke jinin, ta zuba a ruwa kamar lita 2 da gishiri cokali babba guda. Ta bar shi ya tafasa a wuta matsakaiciya. Wani kumfa mai ruwan toka ya taso, ta tsaya a kai da ludayi tana kwashewa, ya sake tasowa ta sake kwashewa, har ruwan ya zama garai, kana hango gindin tukunya. Shi ke nan. Wasu gidajen suna jefa albasa da barkono da ganyen wata bishiya mai suna hikandhi, ita ba ta sawa. Ta ce mini, "Kokko, kifin yau ba ya neman taimako." Kokko shi ne yadda ake kiran ƙane ko ƙanwa a nan.

A wurin ci ake yin sauran aikin. Kowa ya zuba shinkafa fara, ya kwarara romo, ya matse lemon tsami, ya murƙushe barkono da yatsa a gefen kwano, ya sa ɗanyar albasa, ya barbaɗa soyayyen ganyen zogale, ya cakuɗa da hannu. Mu da muka saba da mai da tumatir da kayan ƙamshi, in aka faɗa mana ruwa da gishiri da kifi ne abincin da ƙasa guda take ji da shi, za mu yi mamaki. Na ci, kuma ina shaida cewa romon nan yana da zaƙin da ban taɓa ji a kifi ba. Damuwata ita ce ko zai yiwu a Kano.

28 Disamba 2024

Makon nan na kwakwa ne. Abu na farko da zan sa a littafin shi ne cewa kwakwa ba ɗaya ba ce. Ƙarama mai ruwa da yawa, wadda ake fasa kanta a sha, ita ce kurumba. In ta ɗan ƙara kwana naman ya yi kauri amma da sauran taushi, gabulhi ke nan, da ita ake kayan zaƙi. Wadda ta nuna sarai, irin wadda ake turawa a baro a garuruwanmu, kaashi ce, ita ce ta miya da ta mas huni, karin kumallonsu. Akwai ma wadda ta fara tsiro, cikinta ya cika da wani abu fari mai laushi, yara suna rububinsa. Bishiyar kwakwa tana jikin tambarin ƙasar, kuma ta cancanta: da katakonta aka riƙa sassaƙa jirage, da ɓawonta ake tufka igiya, da ganyenta ake jinka, da ƙoƙonta ake hura wuta.

Abin gogarta hunigondi, wata 'yar kujera ce doguwa mai gajerun ƙafafu, a gabanta an kafa ƙarfe mai haƙora. Mace ta zauna a kai ta gefe, ta kifa rabin kwakwa a kan ƙarfen tana juyawa, gogaggiyar kwakwa tana zuba a faranti fara tas, sako-sako, da danshinta. Datta tana tsayawa kafin ta kai ga jar fatar da ke manne da ƙoƙo, domin tana ɓata launi. Wannan gogaggiyar ita ce huni. In madara ake so, a zuba ɗan ruwan ɗumi a matse da hannu a tace: matsin farko mai kauri a ajiye shi gefe sai ƙarshen girki, na biyu mai ruwa-ruwa shi ake dafa kifi a ciki. In aka bar ta farko ta yi ta tafasa, tsinkewa take yi, mai ya taso sama.

Mas huni shi ne karin kumallon kusan kowane gida. Ma'aunin da na rubuta: kifin tuna mai hayaƙi da aka daddage kofi 1, ko gwangwanin tuna guda a tsiyaye shi sosai, huni kofi 1, albasa matsakaiciya 1 yanka siriri, barkono 1, lemon tsami 1, gishiri. Barkonon nasu, githeyo mirus, ɗan gidan su attarugu ne, ƙamshinsu ɗaya, saboda haka a nan ba mu da matsala. Sirrin yana wurin jeri. Albasa da barkono da gishiri da ruwan lemon ake fara murzawa da hannu, a yi ta murza har albasar ta saki ruwa ta yi laushi, kaifinta ya mutu. Sannan kifi, sannan kwakwa a ƙarshe, a juya ta a hankali don kada ta dunƙule. Ba a ɗora shi a wuta.

Ana ƙara masa dafaffiyar kabewa, ko ganye. Ranar da Datta ta yi shi da zogale na ga kwaɗon gidanmu sak, sai dai inda muke sa ƙuli-ƙuli su kwakwa da kifi suke sawa.

Yaya ta gwada da tuna na gwangwani, ta goga kwakwar da ƙananan haƙoran magogin kuɓewa. Saƙonta ya zo da dare: "Ƙanwata, wannan kam ya shiga littafi, yaran nan ko kwano ba su bari ba." Ta ƙara da gargaɗin da zan rubuta da babban baƙi: da sadin ba ya yi, man cikinsa yana danne kwakwar.

4 Janairu 2025

Roshi, abokin cin mas huni. Fulawa kofi 2, gishiri kaɗan, mai cokali 2, ruwan zafi. Ruwan ya zama mai zafi sosai, shi ke sa ta yi laushi. A kwaɓa, a gutsuttsura, a murza siriri har a kusa ganin katako ta ciki, a gasa a busasshen kasko, kowane gefe ɗan lokaci kaɗan. Akwai mai kauri da ake zuba huni a cikin kwaɓin. Duka biyun sun yi wa Yaya, an wuce wurin.

18 Janairu 2025

Wannan shi ne babin da na fi so in rubuta da kyau, domin a nan ne na ga hikimar mutanen nan gaba ɗayanta.

An yi kamu mai yawa a makon nan, Datta da maƙwabtanta biyu suka sayi kifi suka hura wuta a madafin baya, mai rufin kwano, wanda hayaƙin shekaru ya mayar da bangonsa baƙi. Suka cire kai da kayan ciki, suka tsaga kowane kifi gida huɗu a tsaye, suka dafa a babbar tukunya cikin ruwan gishiri. Da ya dahu suka tsame, suka zare ƙaya, suka jera a kan wani gadon sanduna da ke saman murhu, hayaƙin ɓawon kwakwa yana dukansa har wayewar gari. Abin da aka sauke da safe shi ne valhomas: waje ya yi duhu, ciki da sauran taushi, ana iya yanka shi da wuƙa. Shi ake sawa a mas huni na asali da kusan duk kayan ciye-ciyensu. Wani kaso kuma aka shimfiɗa a rana, ana juyawa kullum ana shigarwa da yamma, har ya bushe ƙamas. In ka buga biyu ƙara suke yi. Wannan hikimas ne, yana shekara bai lalace ba, sai an fasa shi ko an daka.

Ruwan da aka dafa kifin ba a zubar ba. A ranar an ɗiba an ci da shinkafa, garudhiya ke nan. Sauran aka tace, aka mayar kan wuta marar ƙarfi, ana kwashe kumfa, ana juyawa da dogon muciya. Gobe aka sake dafa wani kifin aka haɗa ruwan da na jiya. Haka ya yi ta ƙafewa, daga fari ya koma ja, daga ja ya koma ruwan ƙasa mai duhu, har ya yi kaurin da in ka ɗaga muciya sai ya zubo a hankali yana naɗewa. Rihaakuru ke nan. Tukunyar da mutum biyu suka ɗauka da ƙyar ta ƙare a 'yan kwalabe. Gishirinsa da ƙarfinsa sun isa a lakato kaɗan a shafa a roshi, ko a dama da madarar kwakwa da albasa da lemon tsami da barkono ya zama miyar gaggawa, wadda suke kira rihaakuru dhiya. Duk ɗan tsibirin da zai tafi karatu Male, babban birni, ko ƙasar waje, uwarsa sai ta cusa masa kwalba a jaka.

Kifi ɗaya, wuta ɗaya, an fitar da abincin yau, da na mako, da na shekara, da abin miya. Mutanen da ba su da firji, ba su da gonar kirki, ƙasarsu ba ta fi tsayin mutum a saman teku ba, haka suka yi suka rayu har suka yi fatauci. Matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, ya iso tsibiran a 1343, har ya yi alƙalanci a nan, kuma ya bayyana wannan kifin da ake tsagawa huɗu a dafa a busar, ya ce ana kai shi Indiya da Sin da Yaman. Abin da na gani da idona a madafin Datta bai bambanta da bayaninsa ba. Har yau mutanen Siri Lanka ba sa rabuwa da busasshen kifin nan a girkinsu.

Sai dai aikin yana ja da baya, kuma dalilin sananne ne. A farkon shekarun 1970 Siri Lanka, wadda ita ce babbar mai saye, ta rage shigo da kifin saboda ƙarancin kuɗin waje. Gwamnatin Maldib ta juya ga sayar da ɗanyen kifi ga jiragen ƙanƙara, aka kuma kafa masana'antar gwangwani a tsibirin Felivaru kafin ƙarshen shekarun. Masunta sun sami kuɗi a hannu, wannan alheri ne. Amma dafawa da ƙyafewa da shanya sana'ar mata ce, da ita suke samun nasu, kuma kifin da ya wuce kai tsaye daga jirgi zuwa ma'ajiyar sanyi bai biyo ta hannunsu ba. A unguwarmu gidajen da har yanzu ke hura irin wannan wutar ba su da yawa, masu yin kuma duk sun manyanta. 'Yar Datta tana aiki a ofis, rihaakuru a kanti take saye. Ba na ganin laifinta, aikin yana cin ido da ƙirji. Amma ina so a rubuta shi yadda yake tun masu yinsa suna raye.

1 Fabrairu 2025

Ba girki yau. Ɗalibaina sun kawo mini wuri da suka tsinto a bakin ruwa, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, kuma na ga ya kamata littafin ya ɗauki shafi guda a kansa, tunda shi ne tsohuwar igiyar da ta haɗa mu da mutanen nan. Daga waɗannan tsibiran aka fi fitar da ƙaramin farin wurin da ya zama kuɗi a Bangal, can gabashin Indiya, da Afirka ta Yamma. Da ganyen kwakwa ma aka riƙa kama shi: a shimfiɗa rassan a ruwa marar zurfi, dabbobin su manne, a jawo su gaɓa, a binne a rami har naman ya ruɓe, a wanke ƙwanson. Da shi suka riƙa sayen shinkafa daga Bangal. Ibn Battuta, bayan ya bar nan da kusan shekara goma, ya je Mali da Gawo ya tarar ana kashe wurin, 1,150 a dinari guda na zinariya. Tarihin Kano kuma ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Na gaya wa yaran cewa an taɓa biyan sadaki da haraji a garinmu da abin da suke wasa da shi, suka yi ta tambaya har aka buga ƙararrawa.

15 Fabrairu 2025

Sakamakon garudhiya daga Kano ya zo, kuma abin da nake tsoro ne ya faru. Yaya ta yi da kifin ƙanƙara, wanda ake ce wa taitus. Ta ce duk kwashe kumfar da ta yi ruwan bai washe ba, mai ya lulluɓe samansa, ƙarni ya cika gida. Ta sake da ɗanyar giwan ruwa da aka kawo mata da safe, romon ya fito garai, an sha da daɗi, amma daga yadda ta kwatanta ɗanɗanon na san farfesu ne marar yaji, ba garudhiya ba.

Ga hukuncin da muka yanke. Garudhiya za ta shiga littafi da bayaninta cikakke, tare da faɗin gaskiya cewa sai da tunan da aka kama a ranar, don masu zama a bakin teku ko masu tafiya. Ta giwan ruwa za ta shiga da sunanta daban. Rihaakuru kuwa bayani kawai zan yi, ba zan ba da shi a matsayin abin gwadawa ba. Dalili na lafiya ne: tuna da danginsa in suka daɗe cikin zafi kafin a dafa, wani sinadari mai suna histamin yana taruwa a namansu, yana kawo ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai da gudawa, kuma tafasa ba ta kashe shi. In aka ƙafe ruwan, ƙara tattara shi aka yi. Wanda bai san tarihin kifinsa daga ruwa zuwa tukunya ba, kada ya yi.

A madadin valhomas Yaya ta gwada bandar tarwaɗa. Hayaƙin ya yi, amma naman yana da mai da laushi. Dabarar da ta fito da ita ta fi: ta tsiyaye tunan gwangwani, ta soya shi a busasshen kasko har ya yi wara-wara, ta haɗa da ɗan dakakken banda don ƙamshi. Na gaya wa Datta, ta yi shiru, sannan ta ce in gaishe da yayar tawa, ta san girki.

Wani abin lura: ganyen hikandhi na bishiya ne, wanda Indiyawa ke sawa a miya. Abin da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan ganyen kori wani tsiro ne daban, ɗan'uwan ɗoɗɗoya. Gara a bar gurbin babu komai da a sa shi.

27 Fabrairu 2025

Azumi ya ƙarato. Suna da al'adar maahefun, cin abinci na taro kafin watan ya kama: dangi, ko 'yan aji, ko ma'aikatan wuri ɗaya su fita bakin ruwa da tukwane. A wannan rana tsofaffin abinci suke fitowa. An gasa manyan kifayen murjani a kan garwashin ƙoƙon kwakwa, an tsattsaga jikinsu an cusa niƙaƙƙen barkono da albasa da tafarnuwa da lemon tsami, shi ne fihunu mas. An dafa gwaza da bambukeyo, ga huni a gefe, ga rihaakuru. Wata tsohuwa ta kawo maafuh, garin hatsi da aka murza da ayaba da kwakwa da sukari. Da na ga ƙwayar hatsin na gane ta: tamba ce, su bimbi suke ce mata, kuma kafin shinkafar waje ta wadata suna noma ta a wasu tsibiran. Kwakwa ta yi tsada a makon nan, kowane gida yana tarawa.

15 Maris 2025

Rabin azumi. Mutanen nan Musulmi ne tun 1153, Shafi'iyya suke bi yanzu, ko da yake a ƙarnonin farko Malikiyya ce irin tamu. Daga azahar madafai suke kama aiki, kuma abin da ya fi cin lokaci shi ne hedhikaa, ƙananan kayan ci da a sauran watanni ake sha da baƙin shayi da la'asar.

Haɗin ciki kusan ɗaya ne: valhomas yankakke ƙanana, huni, albasa, barkono, citta, ganyen hikandhi, lemon tsami, ɗan kurkum. Abin da ke canzawa shi ne riga. In aka naɗe shi cikin kwaɓin fulawa da kwakwa aka mulmula ƙanana aka soya a mai, gulha. In aka cusa a cikin kwaɓin aka danne ya yi faɗi aka gasa a kasko, masroshi. Bajiya mai kusurwa uku ce, cikinta da soyayyar albasa mai ɗan zaƙi. Mulmula gulha aikin taro ne, mata da yara a zagaye da faranti, kuma hannun Datta yana fitar da su kai ɗaya, ba tsaga ko ɗaya. In akwai tsaga mai zai shiga, ta fashe. Wutar kuma kada ta yi yawa, a bar su su soyu a hankali har su yi ƙarau.

Wanda ya fi burge ni kulhi boakibaa. Ana jiƙa shinkafa ta kwana, a niƙa ta da ɗan tsaki-tsaki, a haɗa da kifi da kwakwa da kayan yaji, a danna a faranti mai mai, a gasa har sama ta yi ja, a yanka murabba'i. Datta ta ce a da tukunya ake sawa a kan garwashi, a rufe, a zuba wani garwashin a kan murfin. Na roƙe ta ta yi mini haka, ta yi, kuma ɓawon da ya fito ya fi na obin nesa. Wannan hanyar zan sa a gaba a littafin, domin kowane gida a wurinmu yana da gawayi. Yaya ta yi shi ran Juma'a ta aika wa surukarta. Shinkafa kofi 2, kifi kofi 2, kwakwa kofi 1 da rabi shi ne ma'aunin da ya riƙe jikinsa bai farfashe ba.

12 Afrilu 2025

An yi suna a maƙwabta, aka rarraba bondibai gida-gida kamar yadda al'ada take: shinkafa da aka dafa da sukari da madarar kwakwa da ganyen raanbaa mai ƙamshi, har ta yi danƙo tana ƙyalli. Tare da ita ake kawo kulhimas, tuna yankakke ƙanana da aka dafa cikin niƙaƙƙen busasshen barkono da albasa da madarar kwakwa kaɗan har ruwan ya tsotse. Zaƙi da yaji a loma ɗaya. Ban zaci za su zauna tare ba, sun kuwa zauna.

Na kuma rubuta kandu kukulhu, abincin biki: a yanka tuna falle-falle, a shafe da haɗin kayan yaji da soyayyar kwakwa, a naɗe, a ɗaure da zaren ɗanyen ganyen kwakwa, a dafa a madara ta biyu, a ƙarasa da ta farko. A Kano tsinken sakace zai maye gurbin zaren.

Na bi wani dattijo mai hawan kwakwa na ga yadda ake samun sukarinsu na gargajiya. Yana ɗaure furen kafin ya buɗe, ya yanke bakinsa siriri safe da yamma, ya rataya ƙoƙo yana tarar ruwan da ke ɗiga. Ruwan nan raa ne, mai zaƙi, ana shansa nan take. Sauran a dafa shi a ranar kafin ya yi tsami, har ya zama dhiyaa hakuru, ja mai yauƙi. A tsibirin nan shi kaɗai ya rage mai wannan sana'a. Inda girki ya nemi dhiyaa hakuru, za mu gwada narkakkiyar mazarƙwaila.

10 Mayu 2025

Iskar ta juya. Hulhangu, lokacin ruwa da haukan teku, ya shigo, zai kai wajen Nuwamba. Jiragen kamun kifi ba sa fita kullum, kuma yanzu nake ganin amfanin kwalaben da aka cika a Janairu: jiya da shekaranjiya rihaakuru dhiya muka ci da roshi, da hikimas da aka daka da kwakwa da barkono.

Inda aiki ya tsaya: babin kwakwa, da na mas huni da roshi, da na hedhikaa sun kammala, Yaya ta gwada su duka. Babin garudhiya da ajiyar kifi yana hannun wata malama 'yar tsibirin, ina karanta mata ina mayar mata da Turanci tana gyara mini abin da ya kauce. Na miya bai yi rabi ba, kandu kukulhu da mas riha, miyar kifi da madarar kwakwa, suna jiran Yaya ta sami tuna mai kyau ko ta yanke abin da zai maye gurbinsa. Kayan zaƙi ban taɓa ba sai bondibai.

Idan aka yi hutun makaranta kuma teku ta lafa, ina so in tsallaka kudu. A Fuvahmulah akwai wani kifin zurfin teku mai suna kattelhi da suke garudhiya da shi su ci da gwaza, a Addu kuma akwai alewar kwakwa da ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba, Addu bondi. Datta tana da 'yar'uwa da ke aure a Addu, ta ce za ta kira ta a daren yau ta tambaya ko zan iya sauka a gidanta.